Yadda ake gano matsalar injin babur ɗin ƙanƙara bayan kamfani ya yi masa afdet

Hunturun bara abin ya same ni. Takarda ta zo daga kamfani cewa duk mai irin mashin ɗina ya kai wa dila a sabunta masa firogiram ɗin birenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, kyauta ne ba ko sisi, na kai tun watan Nuwamba dusar ƙanƙara bata gama zama ba, na karɓo na tura shi gareji na rufe. Sai ƙarshen Disamba da aka buɗe hanyoyin daji na fita da shi, wallahi ko kilomita goma ban yi ba ya fara min wani abu, in na ba shi totur sai ya yi kamar an shaƙe masa wuya, ya ja ya saki ya ja ya saki, can sai ga fitilar injin ta kama. Sanyi ranar ya kai 28 ƙasa da sifiri, ga ni ni kaɗai tsakanin itatuwa. Da lallaɓawa na dawo gida, kuma abin da ke raina guda ɗaya ne, afdet ɗin nan ne ya kashe min mashin.

Ga 'yan uwa da ke gida waɗanda ba su taɓa ganin abin ba, babur ne mai takalman zamiya biyu a gaba da wani faffaɗan bel mai haƙora a ƙasa wanda ke tura shi kan dusar ƙanƙara. Nan arewacin Ontariyo da nake zaune mutane da yawa kowanne iri suka gani Ski-Doo suke ce masa, saboda shi ne wanda Joseph-Armand Bombardier ya fito da shi a 1959 a garin Valcourt na Kebek, amma akwai Polaris na garin Roseau da Arctic Cat na Thief River Falls duk a jihar Minesota ta Amurka, akwai Lynx na Finland, akwai Yamaha. Yawancin masu gudun nan injinsu irin na ƙaramin janareton nan ne da ake haɗa wa fetur da baƙin mai, sai dai su na yanzu babu kafireta, nozul ne, kuma birenbos ne ke yanke komai: yawan fetur, yawan baƙin mai, lokacin da fulogi zai ba da wuta. Shi ya sa in aka taɓa firogiram ɗin, halin injin gaba ɗaya yana iya canzawa.

Amma ga abin da na koya da kuɗina da lokacina. In mashin ya lalace bayan afdet, abubuwa uku ne suka faru a lokaci guda ba ɗaya ba: an canza firogiram, hannun mutum ya shiga cikin injin ya cire wayoyi ya mayar, sannan galibi mashin ɗin ya yi wata bakwai ko takwas a ajiye da tsohon fetur a ciki. Duk ukun suna iya kawo alama iri ɗaya. Aikinka shi ne ka raba su ɗaya bayan ɗaya, kuma kar ka canza abu biyu a tare, in ka yi haka ko ya gyaru ba za ka san me ya gyara shi ba.

Mataki na farko, kafin ka taɓa ko sifana, ɗauko takardar aikin da dila ya ba ka ka karanta ta da kyau. Kalmar afdet tana ɗaukar abubuwa da yawa, wani lokaci firogiram kawai aka zuba, wani lokaci an canza famfon fetur ko wata sansa ko tiyo, wani lokacin ma birenbos ɗin dungurungum aka sauya. In takardar bata faɗa ba, kira su ka tambayi lambar sanarwar da suka yi aiki da ita da lambar firogiram ɗin da ke ciki yanzu. Ka rubuta lambar jikin mashin, guda 17 ce haruffa da lambobi, tana buge a gefen dama na ƙarfen da ke rufe bel ɗin ƙasa, ka sa ta a shafin kamfanin ka ga ko akwai wani kiran gyara na kamfani da ya rage ba a yi maka ba. A Kanada ma'aikatar sufuri, Transport Canada, na ajiye jerin kiraye-kirayen nan, a Amurka hukumar CPSC mai kula da amincin kayan da ake sayar wa jama'a ce ke fitar da su.

Na biyu, rubuta alamar daidai yadda take. "Ba ya tafiya daidai" ba bayani ba ne, bakanike ba zai iya komai da shi ba. Yana wahalar tashi da safe ne ko sai ya yi zafi? Yana mutuwa a silo? A wane juyin injin yake shaƙewa, ƙasa-ƙasa lokacin da kuloci ke kamawa ko can sama? Sanyin ranar nawa ne, ƙanƙarar hanya busasshiya ce mai tauri ko gari ce mai laushi? In fitila ta kama kar ka kashe injin sai ka ɗauki hoton allon gaba da waya. Polaris na nuna lambobin matsala biyu da suke kira SPN da FMI, Ski-Doo kuma na ba da lamba mai farawa da P haɗe da ƙarar ƙararrawa, littafin mashin ɗinka ya nuna maɓallin da za ka danna su fito. Wasu lambobin suna ɓacewa daga allo in ka kashe ka sake tayarwa, duk da suna nan a ajiye cikin birenbos inda sai kwamfutar dila ke ganinsu.

Akwai alamun da in ka gan su maganar bincike a kan hanya ta ƙare, kashe injin kawai. Ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani in ka ba shi wuta, ko gargaɗin bugun injin a allo yana ta dawowa, ko obahitin, ko ƙarfi ya faɗi farat ɗaya kamar an ja birki. Irin wannan injin fetur da mai ne ke sanyaya fistin ɗinsa, in ya samu ƙarancinsu a babban gudu cikin daƙiƙoƙi fistin ke narkewa ya kama jikin silinda. Gara a ja ka zuwa gida da igiya, kuma ka cire bel ɗin kuloci kafin a fara jan.

To yanzu mu shiga gareji. Ka buɗe ƙofar garejin gaba ɗaya duk lokacin da za ka tayar, na san da sanyi, amma a cikin hayaƙin nan akwai wata iska mai guba da ke kashe mutum shiru, ita ba ta da wari ba komai. Kuma kar ka ba shi totur murfin kuloci a buɗe, bel in ya tsinke a wannan juyin ba ya tambayar waye a kusa.

Fara da fetur domin shi ya fi arha kuma shi ya fi yawan laifi. Fetur ɗin gidajen mai na nan yawancinsa akwai etanol a ciki har kashi 10, shi kuma etanol yana jan ruwa daga iska, in ya daɗe a tanki sai ruwan da etanol ɗin su kwanta a ƙasa daidai inda famfo ke zuƙa, wanda ya rage a sama kuma ƙarfinsa ya ragu, injin sai ya fara bugu birenbos ya ja wuta baya don ya kare shi, kai kuma ka ji mashin ya mutu a hannunka. Zuƙo kaɗan daga ƙasan tanki ka zuba a kwalbar gilashi ka ajiye minti goma. In ka ga ya rabu gida biyu ko ya yi gajimare ko yana warin tsohon fenti, juye shi duka ka zuba sabo mai lambar ƙarfin da littafin ya ce, manyan injinan nan 91 suke so. Masu Polaris ku shiga allon gaba ku duba zaɓin irin fetur, akwai na mai etanol akwai na 91 marar etanol, ku tabbatar abin da ke allo shi ne abin da ke tanki. In kana shakkar fetur ɗin da ka sha, zaɓi na etanol, ƙarfi zai ɗan ragu amma injin ya fi samun kariya.

Daga nan sai batir, in naka mai batir ne, don wasu da igiya kawai ake tayar da su. Sa mita a kansa injin a kashe, lafiyayye zai ba ka wajen 12.6, in ka ga 12.2 ko ƙasa ya yi rauni, kuma sanyin nan yana ƙara karya shi. Batir mai rauni yana sa birenbos ya riƙa fitar da lambobin ƙarya iri-iri da ba su da alaƙa da juna. Girgiza kawunan batir ɗin da hannu, bi wayar at, wato ta nagetif, har inda aka ɗaure ta a jikin ƙarfe ka ga ko notin ya saki ko ya yi tsatsa. Duba fis-fis ɗin ma tunda kana wurin.

Mataki na gaba shi ne wanda nake so ka fi daɗewa a kansa, domin nan tawa matsalar ta ɓuya. Cire murfin gefe biyu da na sama, ɗauko tocila mai haske sosai, ka bi duk inda hannun bakanike zai iya wucewa. Kowane soket ka kama shi ka tura har ka ji ya ce ƙas, kar ka yarda da ido, soket yana iya zama kamar ya shiga alhali ɗan kunnen da ke riƙe shi bai kama ba, a gareji zai yi aiki lafiya lau sai an hau hanya mai gargada ya fara yankewa. Ka duba na birenbos, na sansar totur, na sansar zafin iska da ke jikin akwatin iska, na sansar zafin ruwa, na sansar bugu da ke kan injin, da na sansar zafin salansa. Ka bi wayoyin da yatsa ko akwai wadda aka bari tana gogar salansa ko murfi ya danne ta.

Sannan akwatin iska. Robobin da suka haɗa shi da maƙogwaron injin suna da wuyar zama, musamman in roba ta sandare da sanyi. Ni da na haska tocila ta ƙasa sai na ga leɓen robar gefen kuloci ya naɗe ciki, akwai ɗan tsagi da zan iya tura farcena, kuma a bakin wurin ga wata ƙura baƙa ta bel ta taru ta yi layi, alamar iska na shiga ta inda bata kamata ba. Can gefe kuma soket ɗin sansar salansa na taɓa shi da ɗan yatsa kawai ya zame ya fito. Na dumama robar da na'urar busar da gashi har ta yi laushi, na zaunar da ita zagaye, na ɗaure, na tura soket ɗin ya ce ƙas. Ka duba har robobin da ke tsakanin maƙogwaro da injin kansa ko sun tsage, waɗannan in suka sha iska su ne ke cinye fistin.

Yanzu fulogi. Cire su biyun ka jera su yadda suka fito, na dama a dama na hagu a hagu. Launin ƙasa-ƙasa kamar shayi da madara lafiya ne. Baƙi jiƙe da mai ya sha mai da yawa, kuma wannan yana faruwa sosai in an yi ta tayar da mashin a shago ana kashewa bai yi zafi ba, ko an bar shi a silo ya daɗe. Fari fat, ko ka ga ɗigo-ɗigon ƙarfe masu ƙyalli a jikinsa, wannan fistin ne ya fara narkewa, kar ka sake tayarwa. In ɗaya ya bambanta da ɗaya sosai to matsalar ta gefe guda ce, nozul ko koyil ko roba, kuma wannan hujja ce mai ƙarfi cewa ba firogiram ba ne, don firogiram in ya ɓata yawanci duka biyun yake taɓawa. Sa sababbi masu lamba iri ɗaya da na littafi, ba masu kama da su ba. A injinan E-TEC na Rotax, kamfanin da ke ƙera injinan Ski-Doo, inda nozul ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda, har inda bakin fulogi ke kallo yana da muhimmanci, don haka a ɗaure shi da sifana mai auna ƙarfin ɗauri daidai lambar da aka rubuta.

Tunda fulogi na waje, auna matsin silinda. Maɓallin kashewa a kashe, totur a buɗe gaba ɗaya, ka ja igiya sau biyar ko shida har allura ta daina hawa. Lambar kanta tana bambanta daga injin zuwa injin da kuma daga ma'auni zuwa ma'auni, abin da za ka kalla shi ne tazarar da ke tsakanin silinda biyun, in ta wuce kashi 10 cikin ɗari akwai magana a ciki, ringi ko fistin, kuma babu afdet ɗin da zai gyara wannan.

Wani abu da ke ruɗa mutane: yanayin sabon injin. Ski-Doo masu E-TEC in suna sababbi birenbos yana ƙara musu mai ya kuma rage musu ƙarfi har sai sun sha kamar tanki biyu na fetur, Polaris ma na ƙara mai a farkon rayuwar injin. In an canza maka birenbos ko an yi aiki a cikin injin, dila na iya mayar da shi wannan yanayin. Sai ka ga hayaƙi ya yi yawa, tankin mai na sauka da sauri, gudu bai kai yadda ka saba ba, ka ɗauka lalacewa ce. Tambaye su kai tsaye ko sun kunna shi. Haka masu makullin DESS na Ski-Doo, makullin tsaro da ake ɗorawa kan wata 'yar sanda birenbos ya karanta shi, ka tabbatar ba makullin koyo aka miƙo maka ba, shi da ma an yi shi ne ya tauye gudu, kuma in makulli bai zauna daidai kan sandarsa ba ko ƙanƙara ta shiga ciki, injin zai tashi amma ba zai yarda ya ja ba.

Duba wasan totur kuma. Ɗan sakin da ke hannun totur kafin waya ta fara ja yana da ma'auni a littafi, in ya yi yawa ko ya yi kaɗan na'urar tsaron da ke hana totur maƙalewa sai ta ɗauka an samu matsala ta yanke wuta, abin ya zo maka kamar injin na shaƙewa. Juya kan mashin dama da hagu har ƙarshe injin na silo, in juyin injin ya canza to an bi da wayar totur ta inda bai dace ba lokacin mayar da murfi. Ita sansar totur kanta kar ka kwance ta, saitinta da kwamfutar dila ake yi.

In ka sa wa mashin ɗinka kayan gefe, salansa mai ƙara ko wata na'urar ƙara fetur ko ka taɓa kai shi an zuba masa firogiram na 'yan kasuwa, to ka sani afdet ɗin kamfani yana hawa kan wancan ne ya shafe shi, kuma shi an rubuta shi ne don mashin yadda ya fito daga masana'anta. Mayar da komai na asali tukuna kafin ka yanke hukunci. Ni ra'ayina ma in garanti bai ƙare ba a bar kayan gefen nan gaba ɗaya, ranar da injin ya buga su za a fara nuna maka.

Saura abubuwa biyu da ba injin ba ne amma suna shigar kayansa. Na ɗaya kuloci da bel. Manyan injinan 850 ɗin nan ƙarfinsu na fitowa ne wajen juyi 8,000 a minti, in ka buɗe totur a fili ka ga ya tsaya ƙasa da inda littafi ya ce da ɗari uku ko huɗu, kafin ka zargi birenbos cire bel ka duba ko ya yi santsi yana ƙyalli ko ya sirance a wuri guda, goge fuskokin kuloci da abin da ba ya barin maiƙo, in sabon bel za ka sa wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu ya bushe, ka bi shi a hankali kilomita 50 na farko. Bawul ɗin salansa ma, duk da su a jikin injin suke, RAVE a Rotax, VES a Polaris, in dattin mai ya kama su ba sa buɗewa sai ƙarfin sama ya ɓace. Na biyu zafi. Yawancinsu ba su da lagireto irin na mota, ƙanƙarar da bel ɗin ƙasa ke watsawa kan faranti a ƙarƙashin kujera ita ke sanyaya ruwan, to in hanya ta daskare ta yi tauri babu abin watsawa sai zafi ya hau birenbos ya rage ƙarfi. Sauke ƙarafan da ake sa wa a gefen bel ɗin ƙasa masu kartar ƙanƙara su watso ta, in naka na da su, ko ka riƙa ratsawa cikin mai laushi. In an taɓa tiyon ruwa a wurin aikin, duba ruwan injin a sanyaye, iska na iya maƙalewa a ciki.

Ka gama duk wannan, sai gwaji. Bar shi ya yi zafi sosai kafin ka ba shi wuta, fistin na saurin kumbura fiye da silinda mai sanyi. Zaɓi hanya kusa da gida wadda ka sani, ba kan tafki ba, ka tafi da wani a nasa mashin ɗin da igiyar ja, waya a aljihun ciki kusa da jiki don sanyi na kashe batirinta, igiyar da ke kashe injin in ka faɗi a maƙale a rigarka. Maimaita daidai abin da ya jawo matsalar da farko, gudu iri ɗaya wuri iri ɗaya. Nawa bayan roba da soket da sabon fetur da fulogi, na yi kilomita 60 ranar bai yi tari ko sau ɗaya ba, sai dai na lura silonsa ya ɗan fi na da tsayi in yana sanyi, na tambaya aka ce min wannan kam daga sabon firogiram ɗin ne kuma haka aka so shi.

In kuma naka ya ci gaba bayan fetur sabo ne, wuta lafiya, soket duk sun kama, fulogi sababbi, matsi daidai, babu kayan gefe, to yanzu kana da bakin magana. Koma wurin dila da takardarka: ranar afdet, kilomita da awannin injin a ranar, ranar da alama ta fara, sanyin ranar, hotunan allo, tsofaffin fulogin a leda an rubuta dama da hagu. Ka roƙe su su haɗa shi da kwamfutarsu, BUDS ake ce wa ta Ski-Doo da Lynx, Digital Wrench ta Polaris, su karanta tarihin lambobin, su tabbatar firogiram ɗin da aka zuba na wannan shekarar ne da wannan girman injin kuma ya shiga har ƙarshe, su sake saita sansar totur, su duba ko lambobin nozul da ke cikin birenbos sun yi daidai da nozul ɗin da ke jikin injin in an sauya ɗaya daga ciki, su auna ƙarfin famfon fetur. Ka yi musu magana da mutunci, lokacin hunturu shagon cike yake kowa na jiran nasa, amma kar ka fita sai sun buɗe maka ƙorafi a rubuce wurin kamfani sun ba ka lambarsa, kuma ka karɓi kofin takardar aikin ko da sun ce ba su ga komai ba, don ita ce shaidar cewa ka kawo kuka tun garanti na da rai. In matsalar ta shafi rai, kamar totur na maƙalewa ko warin fetur ko injin na mutuwa ana cikin gudu, ka kai rahoto Transport Canada ko CPSC, sannan mashin ɗin ya zauna a gareji har sai an gyara.